Tarihin Reno da Lafiyar Yara a Faraku da Zugu na Jamhuriyar Benin

1.0 Gabatarwa

Sunan Zugu ba baƙo ba ne ga wanda ya karanci tarihin fataucin goro. Shi ne garin da taswirar yau ke rubutawa Djougou, a arewa maso yammacin Jamhuriyar Benin, kuma tazarar kimanin kilomita 130 ce tsakaninsa da Faraku, wato Parakou, babban birnin arewacin ƙasar. Masana sun yi rubutu mai yawa a kan madugai da jakuna da hajar da ta ratsa waɗannan garuruwa biyu. Wannan maƙala ta karkata ne ga yaran da aka haifa a cikinsu: wa ya rene su, a ina suke yini, kuma me ya raya su ko ya yi ajalinsu.

Abin da tarihin ya nuna shi ne, lafiyar ƙaramin yaro ta fi rataya a wuyan mutumin da ke yini da shi, ko goggo ce mai riƙo, ko matar malam, ko malamar ajin reno. Duk matakin kiwon lafiya da ya isa hannun wannan mutum cikin harshen da yake ji ya yi tasiri mai ɗorewa. Wanda kuwa ya tsallake shi, ya daɗe yana jan ƙafa.

2.0 Garuruwan Ayari

A ƙarni na 18 da na 19, ayarin fatake kan tashi daga Kano da sauran biranen ƙasar Hausa ɗauke da kanwa da jar fata da tufafi, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Faraku, su sauka a Zugu, daga nan su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja inda ake sayen goro. Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan fatauci a littafinsa Caravans of Kola na 1980, ita kuma Denise Brégand ta nazarci Wangarawan Bargu a wani littafi da ya fito a 1998.

Kowane daga garuruwan biyu fuska biyu gare shi. A Zugu, fadar sarki tana Kilir, baƙi Musulmi kuma suna unguwar Wangara. A Faraku ma haka abin yake: sarautar Akpaki a gefe guda, jama'ar kasuwa a ɗaya gefen. Dandanci ne ya zama harshen hulɗa a unguwannin kasuwa, Hausawan da suka zauna kuma da yawansu sun saje da Dandawa ta hanyar auratayya, ko da yake har yau akwai unguwar Zango a Faraku. Sunan babbar kasuwar garin ma, Arzeke, kunnen Bahaushe ba zai kasa jin "arziki" a cikinsa ba.

Garin da ayari ke sauka gari ne da cuta ke sauka. Taron mutane da dabbobi a bakin rijiya ɗaya, da cunkoson masauki, da zirga-zirga daga nesa, su ne abincin agana da ƙyanda da gudawa, kuma ƙananan yara ne ke fara biyan kuɗin wannan arziki na kasuwa.

3.0 Goyo, Yaye da Riƙo

Wurin renon yaro na farko shi ne bayan uwa. Al'adar da Hausawa suka zo da ita ta tanadi wankan jego da ruwan zafi, da kunun kanwa ga mai jego, da shayarwa ta kimanin shekara biyu. Doguwar shayarwa ta kare jarirai daga gurɓataccen ruwa, ta kuma sa tazara tsakanin haihuwa. Sai dai a cikin al'adar akwai abubuwan da suka cutar, kamar yanke cibiya da askar da ba a tafasa ba, da cire beli, da hana jariri dakashi, wato nonon farko, alhali shi ne mafi ƙarfin kariya.

Lokaci mafi haɗari shi ne yaye. A ƙasar Hausa akan kai yaro gidan kakarsa a raba shi da nono, ya koma kan koko da kunu. Abincin da ya tsinke da ruwa ba ya isar ƙaramin ciki, kuma idan ya kwana a buɗe ƙuda ya riga yaro sha. Idan ƙyanda ta zo ta tarar da jiki a raunane, sai tamowa ta biyo baya. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, ta bayyana wani nau'in wannan ciwo a shekarun 1930 da sunan da mutanen Ga ke kiran sa, kwashiyoko, ma'ana ciwon yaron da ƙane ya ture daga nono. Sunan da kansa shaida ne cewa iyaye mata sun gane lokacin haɗarin tun kafin likita ya rubuta shi.

Bayan yaye sai riƙo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda kunyar ɗan fari da zumunci ke sa yaro ya tashi a hannun wata ba mahaifiyarsa ba. A wajen Bargawa, masu masaukin Hausawa a Faraku, al'adar ta fi haka zurfi. Erdmute Alber ta Jami'ar Bayreuth ta nuna a littafinta Transfers of Belonging na 2018 cewa, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, tashi a hannun dangi shi ne abin da aka saba a ƙauyukan Bargu, kuma ana ganin iyayen da suka haifi yaro za su shagwaɓa shi idan aka bar musu. Ma'anar wannan ga tarihin lafiya a fili take. Mai yanke shawarar abin da yaro zai ci, da inda za a kai shi idan jikinsa ya yi zafi, sau da yawa ba ita ce matar da ma'aikacin asibiti ke nema da sunan "uwar yaro" ba.

4.0 Makarantar Allo

Wuri na biyu da yara ke taruwa a ƙarƙashin kulawar wani shi ne makarantar allo. Jami'in Faransa Paul Marty, a littafinsa kan Musulunci a Dahome da ya fito a 1926, ya yi bayanin malamai da makarantun arewacin ƙasar, ciki har da na Zugu da Faraku. A nan ne yaro ke fara koyon tsafta a matsayin doka. Yana koyon tsarki da buta, da alwala kafin kowace salla, da asuwaki, da yanke farce, da wankan Juma'a. Littattafan farko na fiƙihun Malikiyya, kamar Ahalari da Ishmawi, suna gabatar da babin tsarki kafin na salla. Yaron da ya saba wanke hannu da baki da fuska da ƙafa sau da dama a yini ya samu kariyar da babu wata hukuma ta wancan zamani da za ta iya ba shi.

Amma akwai giɓi guda da ya kamata ɗalibi ya lura da shi. Fiƙihu yana auna ruwa da launi da ɗanɗano da ƙamshi, domin abin da ke gabansa shi ne ingancin ibada. Ƙwayar cutar gudawa da ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu ba sa sauya ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa yana iya halatta ga alwala, ya kuma kwantar da yaron da ya sha shi. Haka nan kwanan almajirai da yawa a zaure ɗaya, kan tabarma ɗaya, yana saukaka yaɗuwar ƙazuwa da makero da kwarkwata, da kuma sanƙarau idan hunturu ya busar da iska zuwa bazara. Arewacin Benin yana cikin yankin nan da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zayyana a 1963 a matsayin ɗamarar sanƙarau ta Afirka, wadda ta haɗa da Kano da Maradi da Sakkwato.

5.0 Zamanin Faransa

A 1894 Turawan Ingila da na Faransa suka yi tseren isa Nikki domin ƙulla yarjejeniya, Kyaftin Lugard a gefe guda, Kwamanda Decoeur a ɗaya gefen. Yarjejeniyar 1898 ta raba Bargu biyu, Faraku da Zugu suka faɗa cikin Dahome ta Faransa. A 1905 Gwamna Janar Ernest Roume ya kafa hukumar kula da lafiyar 'yan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma na Faransa, a 1918 kuma aka buɗe makarantar likitanci ta Dakar mai sashen horar da ungozoma, inda 'yan matan Dahome suka yi fice da yawa. Jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Faraku a 1936, garin ya zama ƙarshen layin dogo da mashigar kaya zuwa Nijar.

Salon kiwon lafiyar Faransa salo ne na rundunar tafi-da-gidanka. Ma'aikata kan sauka a gari, mai unguwa ya tara jama'a, a jera su layi, a laluba wuya don neman ciwon barci, a tsaga damtse a shafa riga-kafin agana da na shawara. Tsagar damtse ba sabuwa ba ce ga Bahaushe, domin Baba ta Karo ta ba da labarin yadda a ƙuruciyarta ake tsaga hannun yara a shafa ruwan ƙurjin mai agana don kada cutar ta kama su da ƙarfi. Bambancin shi ne ta gargajiya tana iya haddasa cutar ta kuma yaɗa ta. Duk da haka, aikin da ya zo tare da ƙidayar haraji da aikin tilas ya sa iyaye da yawa suka koyi ɓoye 'ya'yansu idan an ce jami'i ya sauka. Rundunar ta yi maganin cututtukan da allura ɗaya ke karewa. Gudawa da tamowa kuwa, waɗanda ake yaƙa a madafa da bakin randa kullum, ba ta taɓa su ba, domin ba ta zauna ta yi magana da mai reno ba.

6.0 Bayan 'Yancin Kai

Dahome ta sami 'yanci ranar 1 ga Agusta, 1960. Daga 1967 ta shiga shirin kawar da agana da daƙile ƙyanda da aka gudanar a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da na'urar allura mai aiki da ƙarfin taka ƙafa. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a yankin, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta ƙare a doron ƙasa.

Babban sauyi a fagen reno ya zo ne a zamanin Mathieu Kérékou, wanda ya karɓi mulki a Oktoban 1972, ya kuma sauya sunan ƙasar zuwa Benin a 1975. Dokar ilimi ta wannan shekara, wadda aka fi sani da tsarin "sabuwar makaranta", ta tanadi cibiyoyin farkar da basirar yara ƙanana, waɗanda ake taƙaita sunansu da CESE. Abin lura game da su shi ne an tsara a yi wa yaro magana da harshen gida, ba da Faransanci ba, kuma wasa da waƙa da motsa jiki da koyon tsafta su ne ginshiƙin aikin. A karon farko hukuma ta ɗauki renon yaron da bai kai shekarun firamare ba a matsayin aikinta. Cibiyoyin sun fi yawa a birane, kuma tattalin arzikin ƙasar da ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1980 ya raunana su. Bayan babban taron ƙasa na Fabrairun 1990 da sake fasalin ilimi da ya biyo baya, aka koma kiran su makarantun reno kawai, Faransanci kuma ya ƙara samun gindin zama a cikinsu.

A daidai wannan zamani ne Carolyn Sargent ta yi bincike a kan matan Bargawa, ta wallafa littafinta Maternity, Medicine, and Power a 1989. Ta nuna yadda matan Faraku, waɗanda al'adarsu ke girmama haihuwa a gida cikin dauriya, suka riƙa komawa asibiti saboda matsin hukuma da sauyin rayuwar birni, ba tare da sun watsar da duk abin da suka gada ba.

7.0 Ruwa, Riga-kafi da Abinci

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya sa al'umma cikin tafiyar da ƙananan asibitoci da biyan wani kaso na kuɗin magani. Benin tana cikin ƙasashen farko da suka rungume shi. Magani ya samu a shago, riga-kafi ya yawaita, amma kuɗin da ake biya ya tsare marasa hali a gida. Wannan ne ya sa a 2011 gwamnati ta mai da maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki.

Babu misalin da ya fi kurkunu fito da matsayin mai reno. Cutar ba ta da magani, ba ta da riga-kafi. Mutum yana shan ruwan tafki mai ɗauke da ƙwaron, bayan kimanin shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta ɓullo, galibi a ƙafa. A 1986 an ƙiyasta masu ita a duniya sun kai miliyan 3.5. Abin da ya kawar da ita shi ne ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da hana mai ciwon shiga tafki, wato aikin matan da ke ɗebo ruwa da yaran da ake aika rafi. A 2009 aka tabbatar da Benin ta rabu da kurkunu, Najeriya da Nijar kuma a 2013.

Shan inna ya nuna ɗaya fuskar. Lokacin da wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da riga-kafi a 2003 saboda zargin da ya yaɗu a kansa, cutar ta sake ɓulla a ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, har da Benin. Mutanen da kakanninsu suka yi fataucin goro ba su daina zirga-zirga ba, don haka shakkun da aka shuka a Kano yana iya gurgunta yaro a Bargu. Kano ta koma riga-kafi a Yulin 2004, kuma sai da sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida suka sa baki sannan aka ci nasara. A Agustan 2020 aka bayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Game da sanƙarau kuwa, sabon riga-kafin MenAfriVac ya iso arewacin Benin a Nuwamban 2012. A gundumar Banikoara ne aka fara gwada ɗaukar sa ba tare da ƙanƙara ba, har kwana 4 cikin zafin da bai wuce digiri 40 ba, abin da ya saukaka kai shi ƙauyukan da babu lantarki. A Afrilun 2024 kuma ƙasar ta sa riga-kafin zazzaɓin cizon sauro cikin jerin na jarirai.

Ta fuskar makaranta, gwamnatin Yayi Boni ta soke kuɗin makarantun reno da firamare na gwamnati a Oktoban 2006, ta Patrice Talon kuma ta ƙaddamar da shirin ciyar da ɗalibai a 2017 tare da Hukumar Abinci ta Duniya. Ajujuwa suka cika. Ƙidayar 2013 ta nuna Faraku tana da mutum fiye da 250,000, gundumar Zugu kuma fiye da 260,000. A gari mai wannan yawa, famfo ɗaya da sabulu ɗaya a ƙofar aji sun zama al'amarin lafiyar jama'a, domin hannun da ya fito daga masai ya shiga kwanon abinci shi ne gajeriyar hanyar gudawa.

8.0 Dandali da Motsa Jiki

Akwai abu guda da yaron dā ya samu a banza, wanda na yau ke neman rasawa. Yaron unguwar fatake bai san wani darasi mai suna motsa jiki ba, amma yininsa duka motsi ne. Maza suna langa da kokawa da allan-baku, mata suna gaɗa da 'yar gala-gala da carafke, ga aike da talla da ɗebo ruwa. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara suka zama ƙafafun matan kulle a tsakanin gida da kasuwa. Ba duka wannan motsi ne alheri ba, domin talla ta hana 'yan mata da yawa karatu, ta kuma jefa su cikin haɗari. Amma wasan dandali makaranta ce ta jiki. Langa tana koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya da juriya, carafke tana haɗa ido da yatsu, gaɗa kuma tana haɗa numfashi da amo da tsalle.

A birnin yau, babura sun cinye titin da ya kasance filin wasa, gine-gine sun cinye dandali, makarantun kuɗi da yawa kuma gidajen haya ne da ba su da fili. Iyaye suna auna ingancin makaranta da yawan kalmomin Faransanci da ɗan shekara 4 ya haddace, don haka ake zaunar da shi a benci tun safe, ya dawo gida a miƙa masa waya. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsi a yini, minti 60 daga ciki mai sa haki, kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere, kada kallon allon waya ko talabijin ya wuce awa 1, ya kuma yi barcin awa 10 zuwa 13. Yaron dandali ya cika ma'aunin motsin tun kafin a rubuta shi.

9.0 Kammalawa

Daga zamanin ayari zuwa yau, wurin da yaron Faraku da Zugu ke yini ya sauya daga tsakar gidan mai riƙo zuwa zauren malam, sannan ajin reno, kuma duka ukun suna nan tare har gobe. Kowanne ya ba da wani abu, ya kuma rasa wani. Gida ya ba da nono da dandali amma ruwansa bai da tabbas. Makarantar allo ta ba da ladabin tsarki amma makwancinta cunkushe yake. Makarantar zamani ta zo da katin riga-kafi da kwanon abinci, tana kuma neman ɗaure yaro a benci da harshen da kakarsa ba ta ji.

Agana ta faɗi da allura, kurkunu ya faɗi da ƙyalle a hannun mata, shan inna kuma ya jira sai da malam ya yarda. Abin da ya rage, wato gudawa da tamowa da zaman wuri ɗaya, irin na kurkunu ne, ba a gama da su a yini guda. Masu tsara shirin lafiyar yara a waɗannan garuruwa, da takwarorinsu na Kano da Maradi, za su amfana idan suka fara da tambayar wa ke yini da yaron, suka je gare shi da Dandanci ko Barganci ko Hausa, suka kuma ƙirga makarantar allo da gidan riƙo cikin wuraren renon da ke buƙatar ruwa mai kyau da sabulu da filin wasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawar shi ne wanda iccen ke hannunsa.